Jajircewar TotalBiscuit ta cancanci a yi magana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Matasanmu na unguwannin Nima da Mamobi a Accra da ke yini a shagunan wasan bidiyo ya kamata su san John Bain, Baturen Ingila mai sharhin wasannin bidiyo da ake kira TotalBiscuit. A 2014 aka gano yana da sankarar hanji. A 2015 ta bazu zuwa hanta, likitoci suka ce ba ta warkuwa. Bawan Allahn nan bai ajiye aiki ba, ya ci gaba da sharhin wasanni a YouTube har 2018, shekarar da ya rasu yana da shekara 33.

Abin da ya fi taɓa ni, bai ɓoye ciwonsa ba. Ya fito fili ya roƙi mabiyansa kada kunya ta hana su ganin likita in sun ga jini a bayan gida. Mu kuwa nan Zango, wa ke iya faɗar haka ko a gaban iyalinsa?

Don Allah ku ba labarinsa fili a shafin matasa.

Naku,
Mai karatu daga Nima, Accra