Fijo 504 na ƙarewa a hannun 'yan gwangwan

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in yi magana kan tsohuwar motar nan Peugeot 504, saboda abin da nake gani a garejojin Birnin Kebbi da Jega yana ci min rai, ana sassare ta ana aunawa a kilo ana lodawa tirela, kuma babu mai cewa uffan.

Yaran yanzu ba su san ko wace ce wagga mota ba. A Faransa anka fara yin ta a 1968, a 1969 ta ci kambun motar shekara ta Turai, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Kenya, wanda hanyarshi duk laka ce da ƙura da duwatsu. A wannan shekarar dai ta 1975 kamfanin PAN, wato kamfanin Fijo na Najeriya, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna, kuma sanda Turawa sunka daina yin salun ɗin a 1983 mu nan ba mu daina ba sai wajen 2006. A wancan lokacin ita gwamnati ke hawa, ita ce tasi, ita ke kai amarya, wagon ɗinta kuma ita ke jigilar mutane daga Yauri zuwa Sakkwato da buhunan shinkafa a baya.

Injinta silinda huɗu ne, da farko lita 1.8 daga baya anka ƙara shi ya koma lita 2, giya huɗu, kuma da ƙafafun baya take ja, farfelarta, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafun baya, na cikin wani bututun ƙarfe da ke kare ta. Ga tsawo daga ƙasa, ga shokozoba mai laushi, shi ya sa ramukan damina ba su dame ta ba. Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne in ka buɗe bonet komai a fili yake, ga kabureta ga fulogi ga kwantak, bakanike da sifana da sukundireba zai tada ta a bakin titi ba sai an jona kwamfuta ba. Gaskiya tana shan mai, wannan ba gardama, kuma da tsadar fetur ɗin yanzu ba na ganin laifin direban da ya koma Golf ko Sharon.

Roƙona ga makarantun koyon sana'a ne, irin su Waziri Umaru Federal Polytechnic da kwalejojin fasaha na jiha, su sayi ko guda biyu masu rai su ajiye ɗalibai su riƙa kwancewa suna ɗaurawa, don duk yaron da ya gane yadda mai da iska da wuta ke haɗuwa a injin 504 motar zamani ba za ta ruɗa shi ba. Tsofaffin makanikan da sunka san ta ciki da waje suna nan da ransu a garejojinmu, a ɗauko su su koyar a biya su haƙƙinsu.

Na gode.

Mai karatunku daga Jega, jihar Kebbi.