Zuwa ga ɗana, kan kwas ɗin da kake son ajiyewa

Assalamu alaikum ɗana, ya karatu, ya ɗawainiya. Mu nan lafiya lau alhamdulillah.

Tun ranar da muka yi waya maganar nan take cina, wai za ka ajiye kwas ɗin dokokin sararin samaniya da hulɗar ƙasashe saboda kai injiniya za ka zama, roka da tauraron ɗan adam ne naka, surutun 'yan siyasa kuma ba ruwanka. Har da cewa ƙasar da ta isa ai ita kaɗai take harba kumbonta. Ban tanka ba a lokacin don na ji kana sauri, toh yanzu sai ka zauna ka karanta.

Tashar sararin samaniyar nan ta ƙasa da ƙasa da kake ta ba ni labari, wadda ke shawagi kusan kilomita 400 a saman kanmu tana zagaye duniya duk minti 90, ka taɓa tambayar kanka me ya sa Amurka da duk arzikinta ba ta gina ta ita kaɗai ba? Kuɗin ya haura dala biliyan 100, wannan ɗaya kenan, shi ya sa aka jawo Turai da Japan da Kanada. Amma shigar Rasha a 1993 ba maganar kuɗi ba ce kawai, Tarayyar Sobiyet ta riga ta rushe, ga injiniyoyi nan birjik da suka iya haɗa roka kuma albashi ya gagara, kai ka fi ni sanin cewa wanda ya iya roka ya iya makami mai linzami, sai Amurka ta ga gara ta ba su aikin yi kafin wani ya riga ta ɗauke su. Kaga kenan siyasar da kake rainawa ita ta zana tashar tun kafin a ɗaura ƙusa ɗaya. An harba ɓangaren farko a 1998, tun Nuwamba 2000 kuma ba a taɓa barinta babu mutum a ciki ba.

Kuma yadda aka gina ta ɗin shi ya fi ba ni mamaki wallahi. Yawancin wutar daga faifan hasken rana na ɓangaren Amurka take zuwa, ɗaga tashar kuwa in ta fara yin ƙasa shekara da shekaru kumbon Rasha ke yi. Babu mai iya yin fushi ya kwashe nasa ya tafi. Shi ya sa a 2022 da yaƙin Yukren ya ɓarke ana ta ƙaƙaba takunkumi ana jifan juna da baƙaƙen maganganu, a watan Satumba Ba'amurke Frank Rubio ya hau kumbon Soyuz na Rasha, a Oktoba kuma Anna Kikina ta Rasha ta hau kumbon kamfanin SpaceX na Amurka, kamar ba su ne ke rigima a ƙasa ba. Kar ka ɗauka ƙauna ce fa, cuɗe ni in cuɗe ka ne, kowa ya san in ya saki igiya har da shi za a faɗo.

Kar ka ce Baba ya mai da abin aljanna, akwai inda yake cizo. Da Amurka ta ajiye jiragenta na Shuttle a 2011, sai da ta yi shekara 9 tana sayen kujera a Soyuz, 'yan sama jannatinta suna tashi daga Baikonur a Kazakistan, farashi yana ta hawa har kujera ɗaya ta wuce dala miliyan 80, don mai sayarwa ya san ba ka da wata ƙofa. Turawa ma sun ɗanɗana, motar bincikensu ta duniyar Mars ta gama shiri za a harba ta a 2022 da rokar Rasha, ƙawance ya watse saboda yaƙin Yukren, ta koma ajiya shekaru. China kuwa da dokar Amurka ta 2011 ta hana NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, aiki da ita kai tsaye sai ta je ta gina tata tashar, Tiangong. A nan kana da 'yar gaskiya, na ba ka, amma ƙirga min ƙasashe nawa ne ke da aljihun China.

Wadda nake so ka zuba wa ido ita ce Kanada. Ba ta da rokar da za ta kai mutum sama, sai ta zaɓi abu guda ta ƙware a kai, hannun nan na mutum-mutumi da ke ɗaga kaya a jikin tashar, da shi ta samar wa mutanenta kujeru. Na'urar hangen nesa ta James Webb ma haka, rokar Ariane ta Turai ce ta ɗaga ta ranar 25 ga Disamba 2021, a madadin haka masanan Turai suna da kasonsu na lokacin kallo. A hukumar sararin samaniya ta Turai ma tsarin shi ne gwargwadon abin da ƙasa ta zuba gwargwadon kwangilar da ke komawa kamfanoninta. Wato aikin da kake fatan samu gobe a cikin takardun irin waɗannan yarjejeniyoyi ake rubuta shi, kuma injiniyan da bai iya karanta su ba wasu ne za su zauna su yanke masa abin da zai ƙera da wanda zai sayar wa.

Don haka ka bar kwas ɗin nan yadda yake, ka karanta yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 da kanka, wadda ta hana kowace ƙasa cewa duniyar wata tata ce ko ta rataya makamin nukiliya a sama, ba ta da tsawo sam, zama ɗaya za ka gama. In da hali ka ƙara yare ɗaya, Amurkawan da ke zuwa tashar ma dole suke koyon Rashanci. Kuma waɗannan 'yan ajin naku na wasu ƙasashe da ka ce ba ka cika shiga harkarsu ba, ka riƙa zama da su ana aikin rukuni, ko da kana ganin ka fi su lissafi, na san halinka.

Ka turo min hoton takardar rajistar in ka gama. Mamanka tana gaishe ka, ta ce kwana biyu ba ka kira ta ba. Allah ya yi maka albarka.

Babanka