Maganin olsa da ƙwannafi: lokacin sha, lokacin dainawa, da abin da yake iya ɓoyewa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a wannan jarida mai farin jini, mu yi tsokaci a kan magungunan rage asid ɗin ciki, waɗanda jama'a suka tattara su duka suka laƙaba musu suna ɗaya: maganin olsa. Da wuya ka shiga gida ka rasa katin omeprazole, ko kwalbar farin maganin nan mai kauri wanda gari ke kwanciya a ƙasansa. Magunguna ne masu amfani ƙwarai, sun raba mutane da yawa da tiyatar ciki. Sai dai aikinsu kashe zafi ne, zafi kuwa ɗan aike ne da jiki ke turowa. Idan aka toshe bakin ɗan aike ba a ji saƙon da ya kawo ba, tsugune ba ta ƙare ba.

Kashi uku ne manya, kuma kowanne hanyarsa daban. Na farko su ne masu kashe kaifin asid ɗin da ya riga ya taru a tumbi, irin su magnesium trisilicate da aluminium hydroxide da calcium carbonate. Suna aiki cikin 'yan mintuna, amma ba sa daɗewa. Idan ciki babu komai, cikin awa ɗaya sun wuce. Idan an sha su kamar awa ɗaya bayan cin abinci, sukan kai awa 2 zuwa 3. Na ruwa a girgiza kwalbar sosai, don maganin yana cikin garin da ya kwanta ne, sannan a auna da murfin awo ko cokalin da ya zo da shi, ba a kafa kai a kwalba ba. Na ƙwaya a tauna shi ya narke kafin a haɗiye. Mai magnesium yakan sa gudawa, mai aluminium yakan taurara bayan gida, shi ya sa ake haɗa su a kwalba ɗaya. Wanda aka sa masa alginate, irin Gaviscon, yana yin wata kumfa mai kauri da ke yawo a saman abincin da ke tumbi ta hana asid hawowa maƙogwaro, don haka bayan abinci da lokacin kwanciya ake shansa.

Na biyu su ne famotidine da cimetidine, masu rage yawan asid ɗin da tumbi ke fitarwa. Famotidine yakan kama aiki cikin awa guda ya kai awa 10 zuwa 12, amma idan ana shansa kullum jiki kan saba da shi, ƙarfinsa ya ragu. Ɗan'uwansu ranitidine kuwa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta nemi a janye shi daga kasuwa a watan Afrilun 2020, Tarayyar Turai ma ta dakatar da shi a shekarar, saboda an gano gurɓataccen sinadarin NDMA a cikinsa, wanda ake zargin yana iya jawo ciwon daji, kuma yana ƙaruwa idan maganin ya daɗe a ajiye ko ya sha zafi. Wanda yake da ragowarsa a durowa ya rabu da shi.

Na uku ne ya fi ƙarfi, shi ne kuma aka fi shan sa ba daidai ba: omeprazole da danginsa, esomeprazole, lansoprazole, pantoprazole da rabeprazole. A bangon tumbi akwai wasu ƙananan famfuna da ke turo asid. Maganin yana bi ta jini ya je ya like su, amma famfon da yake kan aiki kaɗai yake iya kamawa, wanda yake barci ba ya ganinsa. Abinci ne ke tada su, kuma sun fi yawa a shirye da safe bayan ciki ya kwana babu komai. Shi kansa maganin ba ya daɗewa a jini, cikin kimanin awa ɗaya rabinsa ya fita. To ka ga dalilin da ya sa ake cewa a sha minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo: a sha, ya shiga jini, sannan abinci ya zo ya tada famfunan su tarar da shi yana jiransu. Wanda ya sha bayan ya ƙoshi, ko ya sha da tsakar dare ya kwanta, ya yi asarar wani kaso na amfaninsa. Idan likita ya rubuta sau 2 a rana, na biyun kafin abincin dare ne, ba a bakin gado ba.

Kuma ba maganin sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. Kowace rana wasu famfunan yake kamawa, sai ya yi kwana 3 zuwa 4 ana sha a jere kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Mai jefa ƙwaya ɗaya duk ranar da ƙirji ya yi zafi, ya ce maganin jabu ne don bai ji sauƙi cikin minti goma ba, bai yi masa adalci ba. Wannan aikin na masu kashe kaifin asid ne.

Idan ka buɗe kafson omeprazole za ka ga 'yan ƙananan ƙwayoyi farare masu santsi. Kowace ɗaya tana da rufi da aka yi mata don kada asid ya lalata ta kafin ta isa hanji, inda jiki zai tsotse ta. Tauna su ko daka su na fasa rufin, maganin ya mutu a tumbi. Wanda haɗiyar kafso ke ba shi wuya yana iya juye ƙwayoyin a ɗan ruwa ya haɗiye nan take ba tare da ya tauna ba. Ƙwayar pantoprazole kuwa ba a raba ta biyu. Idan an manta ba a sha ba, a sha da zarar an tuna, sai fa in lokacin na gaba ya matso. Ba a haɗa biyu a rama.

Nan ne muke so mu fi tsayawa: me ya jawo gyambon ciki, wato olsa, tun farko? An daɗe ana ɗora laifin a kan yunwa da damuwa. Waɗannan suna iya tada zafi, amma manyan masu haƙa ramin biyu ne. Na farko ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano a farkon shekarun 1980. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya shanye ruwan da ya raini ƙwayar a ciki a 1984, tumbinsa ya kumbura, ya tabbatar da maganarsu a jikinsa. An ba su kyautar Nobel a 2005. Tun 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙwaya cikin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin tumbi. Omeprazole shi kaɗai yana iya warkar da ramin, amma ba ya kawar da ita. An kashe maciji ba a sare kansa ba, bayan 'yan watanni ciwon ya dawo.

Kawar da ita sai an haɗa da antibayotik. Haɗin da aka fi sani ga babban mutum shi ne omeprazole miligiram 20, amoxicillin giram 1 da clarithromycin miligiram 500, kowanne sau 2 a rana, yawanci har kwana 14. Inda ƙwayar ta daina jin clarithromycin, ko mutum jikinsa ba ya karɓar dangin penicillin irin su amoxicillin, likita kan koma haɗin magani 4 mai bismuth da tetracycline da metronidazole. Clarithromycin yana barin ɗaci a baki, wasu kan yi gudawa, zafin cikin kuma yakan lafa tun kwana na huɗu ko na biyar, sai mutum ya ajiye sauran. Ƙwayoyin da suka tsira su ne masu taurin kai, zagaye na biyu kuma ya fi wuya. Mai shan metronidazole ya nisanci barasa har kwana 2 bayan ya gama.

Gwajin gano ƙwayar ma yana da ƙa'ida. Na numfashi da na bayan gida su ne ke nuna ko ƙwayar na nan yanzu, amma omeprazole yana danne ta har gwajin ya ce babu alhali akwai. Sai a dakatar da shi mako 2 kafin gwaji, antibayotik da bismuth kuwa mako 4. Bayan an gama magani a jira aƙalla mako 4 a sake gwadawa. Gwajin jini ba ya tabbatar da warkewa, don alamar takan zauna a jini bayan ƙwayar ta mutu.

Mai haƙa rami na biyu shi ne maganin ciwon jiki: ibuprofen, diclofenac, piroxicam, naproxen da aspirin. Suna rage majinar da ke kare bangon tumbi, kuma ta jini suke yin haka, don haka allurar diclofenac ma ba ta tsira ba. Abin takaici ne mutum ya sha omeprazole da safe, da yamma ya bi shi da biyu daga cikin waɗannan a haɗe. Paracetamol ya fi dacewa da mai gyambo. Amma wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin aspirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya daina da kansa. Shi ne ma irin wanda ake ba omeprazole ko pantoprazole na dogon lokaci don kariya.

Tsawon sha: ƙwannafin da mutum ya sayi magani da kansa, omeprazole miligiram 20 sau ɗaya a rana, kada ya wuce kwana 14 ba tare da ganin likita ba. Gyambon farkon hanji yakan ɗauki mako 4, na tumbi mako 8. Wanda ya yi watanni yana sha, idan ya yanke rana ɗaya asid kan dawo da ƙarfi na 'yan makonni, sai ya ɗauka ciwon ne ya dawo ya koma ruwa. Ana rage shi ne sannu a hankali, a rage yawa ko a koma tsallake rana, ana rage zafin da mai kashe kaifin asid ko famotidine. Ɗaga gefen kan gado da santimita 15 zuwa 20, barin awa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya, da barin taba, duk suna rage buƙatarsa. Madara kuwa tana sanyaya ƙirji na ɗan lokaci ne, daga baya ta sa tumbi ya ƙara fitar da asid.

Asid ba banza aka halicce shi ba. Yana kashe ƙwayoyin cuta da ke shigowa da abinci, yana taimaka wa jiki tsotsar bitamin B12 da sinadarin ƙarfe. Shekaru ana danne shi na iya kawo ƙarancinsu, da ƙarancin magnesium mai sa jijiyoyi ɗaurewa da bugun zuciya ya rikice. An kuma danganta shi da ƙaruwar haɗarin karayar ƙashi, da gudawa mai tsanani, da kumburin ƙoda a wasu 'yan kaɗan. Wanda yake da dalili mai ƙarfi na sha, amfanin ya rinjayi haɗarin, sai dai a riƙa duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara.

Sai karo da wasu magunguna. Omeprazole da esomeprazole suna rage ƙarfin clopidogrel, maganin hana jini daskarewa, shi ya sa likitoci kan zaɓi pantoprazole. Masu shan atazanavir ko rilpivirine na cuta mai karya garkuwar jiki ba a haɗa musu da dangin omeprazole, domin sai da asid jiki ke tsotsar su. Haka ketoconazole da itraconazole, magungunan cututtuka irin su makero. Farin maganin kwalba kuwa like wasu magunguna yake yi a hanji su fita ba su yi aiki ba: ciprofloxacin, doxycycline, maganin ƙarin jini. A bar aƙalla awa 2 a tsakani, levothyroxine na ciwon maƙoƙo awa 4, dolutegravir na cuta mai karya garkuwar jiki kuma a sha shi awa 2 kafin farin maganin ko awa 6 bayansa. Cimetidine yana sa warfarin, maganin hana jini daskarewa, da phenytoin na farfaɗiya su taru a jini. Mai ciwon ƙoda ya guji masu magnesium da aluminium sai da izinin likita. Mai juna biyu ta fara da masu calcium ko alginate, kuma kada ta kusanci misoprostol ko da an rubuta maganin gyambo a kwalinsa, domin yana zubar da ciki.

Akwai alamun da ba a yi musu magani a gida. Aman jini, ja ne ko baƙi-baƙi mai gudaji. Bayan gida baƙi wuluk mai danƙo da wari kamar kwalta. Bismuth da maganin ƙarin jini ma suna baƙanta shi, amma in akwai jiri ko bugun zuciya da sauri a ɗauke shi jini ne. Abinci yana tsayawa a ƙirji, rama ba dalili, amai ba ƙaƙƙautawa, tafin hannu da ido sun yi fari, ko zafin ciki da ya fara sabo bayan shekara 55. Waɗannan na'urar leƙa ciki suke buƙata, kuma omeprazole na iya lafar da zafin ciwon daji har lokaci ya ƙure. Ciwon da ya soki ciki farat ɗaya, ciki ya taurare kamar katako, gyambo ne mai yiwuwa ya huda, aikin gaggawa ne. Nauyi a ƙirji da ke tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, da gumi da sarƙewar numfashi, musamman ga mai ciwon suga ko hawan jini, a tafi asibiti nan take a duba zuciya, a kuma tafi da duk katunan maganin da mutum yake sha.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya, masu karanta wannan jarida.