Wasiƙa Kan Shafukan Yaƙin Burmi

Jos, Jihar Filato

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, da fatan karatu na tafiya daidai a can Alƙahira. Mu nan sanyin Jos ya kama, sai hamdala.

Shafuka goma sha biyu na labarin zanenka kan yaƙin Burmi, wanda Turawa suka gwabza da Sarkin Musulmi Attahiru a ƙasar Gombe a 1903, sun iso, na kuma duba su a tsanake. Hannunka ya faɗa, musamman wajen dawaki da lifidi. Amma tunda ka ce kada in rage maka komai, to daga shafi na biyar zuwa na tara mai karatu ba zai san inda kowa yake tsaye ba, ba zai kuma san abin da zai salwanta idan maharbin nan naka ya faɗi ba. Ga ƙura ga hayaƙi ga takubba, amma ido ya rasa inda zai sauka.

Gyaran farko tun kafin a saki kibiya ne. Ka ba filin daga faffaɗan akwati guda (wato gidan hoto ɗaya a shafin zane), rabin shafi, kamar kana hango shi daga saman dutse: ga ganuwa, ga ƙofa, ga inda sojojin Bature suka ja daga. Ka dasa alamomi biyu ko uku da ba sa motsi, misali kuka mai karyayyen reshe, da ƙofar garin, da tuta. Daga nan kowane akwati na uku ko na huɗu ya nuna ɗaya daga cikinsu, ko da gefensa ne. Da ganin kukar mai karatu ya san an matso ko an ja baya, ba sai ka rubuta masa ba.

Sai babban laifin, wato juya ɓangare. A shafi na shida mutanen Burmi suna fuskantar hagu, a na bakwai sun koma fuskantar dama, alhali ba su juya da baya ba; kai ne ka zagaya ka hango su ta ɗaya gefen. Wanda bai san nufinka ba zai ɗauka gudu suke, ko kuma suna harbin 'yan'uwansu. Masu shirya fim suna da ƙa'ida a kan wannan: ka ja layi a zuciyarka tsakanin rundunonin biyu, ka zaɓi gefe ɗaya na layin, ka zauna a nan. Tunda rubutun boko daga hagu ake karanta shi zuwa dama, ka sa mahara su taso daga hagu, masu kare gari su tare su daga dama. Wannan ya ma dace da tarihin, domin hijirar Sarkin Musulmi Attahiru gabas ta nufa, gabas kuwa a taswira dama take. Duk wanda ya fice ta bakin shafi na dama ya tsira. In dole sai ka tsallaka layin, ka sa akwati guda a tsakani wanda ke kallon mutum gaba da gaba.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da yaƙe-yaƙen 1903. Turawan da ke cikin rundunar tsiraru ne, hafsoshi. Yawancin masu riƙe da bindiga baƙar fata ne, da dama ma Hausa suke ji. Fuska ba za ta raba maka ɓangarorin ba, sai sura. Ka cika kowane mutum da baƙar tawada ka gani ko inuwarsa kaɗai ta isa a gane shi: wannan rawani da riga mai faɗi da kwari a kafaɗa, wancan gajeriyar hula da matsattsun kaya da doguwar bindiga. Sojojin Bature a jere sahu-sahu, mutanen gari a dunƙule.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Duk wanda ya san tarihi ya san yadda aka ƙare ranar 27 ga Yuli, 1903: Burmi ta faɗi, Sarkin Musulmi ya rasu a wurin, Manjo Marsh da ya jagoranci harin shi ma kibiya mai dafi ta kashe shi. Ba za ka sa gaban mai karatu ya faɗi da tambayar wa zai ci yaƙin ba. Tambayar da za ta riƙe shi ƙarama ce, mai ƙidayuwa. Maharbinka yana tsare da wata kafa a ganuwa har matarsa da ɗansa su fice tare da ayari. To ka nuna mana ayarin tun a shafi na uku, ka nuna nisan da ya rage musu, ka kuma nuna kwarinsa da kibau bakwai. Bayan shafi biyu saura huɗu, ayarin bai kai rabin hanya ba. Lissafin nan shi ke hana mutum ajiye littafin. Fuskokin da za mu sani da suna kada su wuce huɗu. Sauran jama'a taro ne, a zana su da layi mara nauyi.

Makaman ma agogo ne idan ka san aikinsu. Bindigar toka harbi ɗaya take yi, sai a zuba albarushi, a dura, a danna da sanda. Akwati uku ke nan da mutum yake tsaye ba kariya. Hayaƙinta fari ne mai kauri, yana tona inda mai harbi yake. Ita kuwa Maxim, bindigar Turawa mai jigida, tana iya zubo harsashi wajen 600 a minti ɗaya, jigidarta na ɗaukar 250, ruwa ke sanyaya bututunta. Lokacin canza jigida shi ne ɗan numfashin da maharbinka zai ɗaga kai. Af, ka kuma rage ƙurar nan: Yuli tsakiyar damina ce a ƙasar Gombe, ciyawa ta tashi, ƙasa a jiƙe.

Harvey Kurtzman, wanda ya shirya mujallun zanen yaƙi a Amurka zamanin yaƙin Koriya, da kansa yake tsara akwatunan kowane shafi kafin ya miƙa wa masu zane. Yakan jera akwati uku masu girma ɗaya, daga kusurwa ɗaya, abu guda kawai ke canzawa. Ka gwada haka wajen faɗuwar mai tuta: yana tsaye, ya durƙusa, wani ya karɓi sandar. Ba ka bukatar jini ko kalma, kuma ya fi mutunta mamatan.

Sauran na bugu ne. Akwati biyar ko shida sun isa shafin faɗa, maganar kowane akwati kada ta haura kalma ashirin. Abin mamaki a ajiye shi a shafin hagu, inda sai an buɗe za a gani. Idan a babbar takarda ta A3 kake zane za a buga a ƙarama ta A5, komai zai koma rabi, siraran layukan da ka cusa cikin hayaƙi za su haɗe su zama baƙin tabo. A fuskar waya ma abin ya fi muni. Ka bar hayaƙi fari fat, baƙi mai ƙarfi na mutanen gaba ne kawai. Ƙarar harbi kuma ka rubuta ta yadda kunnenmu ke ji, tau da ƙau, kada ta rufe hannun mai harbin.

Kafin ka sa tawada, ka rufe duk rubutun, ka ba wani yaro shafukan ya faɗa maka wa ke kora, wa ke gudu, me maharbin yake karewa. Inda ya yi shiru, nan za ka sake.

A gidan adana gine-ginen gargajiya da ke kusa da gidan tarihi na Jos akwai kwaikwayon ganuwar Kano, zan ɗauko maka hotunanta ta ciki da ta waje don ka ga kaurin gindi da yadda take tsukewa a sama. Ta Burmi ba ta kai ta ba, sai ka rage. Ka turo min shafi na biyar zuwa na tara da fensir tukuna.

A gaishe min da uwargida da yara.

Naka har kullum,
amininka na Jos