Zuwa ga abokan cinikinmu, kan ƙarin kuɗin aika kaya ƙasashen waje

Assalamu alaikum, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi da sauran 'yan'uwa.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, maganar da ke yawo daga Agege har Mile 12, wai kwaɗayin riba ne ya sa muka ƙara kuɗi, ta iso kunnenmu, kuma ba za mu ɓoye muku ba, ta yi mana zafi.

Kayan da kuke kawo mana ta gidan waya muke aika su, kuma babu ƙasar da ke yanke wannan al'amari ita kaɗai. Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a 1874 a birnin Bern na Suwizalan, mai ƙasashe 192, ita ta shimfiɗa ƙa'idar cewa ƙasar da kaya suka isa za ta kai su hannun mai su, sannan ƙasar da ta aiko ta biya ta ladan ɗawainiya. A 2018 Amurka ta yi barazanar ficewa a kan wannan lada, aka zauna a Janeba a 2019 aka yarda ta riƙa yanke nata farashin, ya fara aiki a Yulin 2020. Daga 2021 kuma aka wajabta tura bayanin kowane ƙunshi ta kwamfuta kafin ya tashi. Dalilin ke nan da yaranmu ke tsare ku da tambayar abin da ke ciki da kuɗinsa, ba don rashin yarda ba, Allah ya sani. Sai kuma ranar 29 ga Agusta 2025 Amurka ta soke sassaucin da ke barin kayan da ba su wuce dala 800 ba su shiga ba haraji, har gidajen waya da dama suka dakatar da aika kaya can. Hula biyu da turmin atamfa ma yanzu ana iya cajin su haraji a can, kuma ko kwabo ba ya shiga aljihunmu.

Muna nan muna tuntuɓar waɗanda abin ya shafa, muna kuma duba hanyoyin da za su kawo sauƙi, in Allah ya yarda.

Hajiyarmu ta Idi-Araba da ke aika wa ɗanta kayan Sallah ta hannunmu tun muna ƙaramin shago, da Alhazan Kwatta da ba su taɓa neman rasit a wurinmu ba, mun gode ƙwarai. A tsawon shekarun nan ba mu taɓa cin amanar kowa ba. Duk wanda ransa ya ɓaci, muna roƙon ya zo ofis mu zauna kafin ya kai kayansa wani wuri.

Wassalam,
Shugaban kamfani da ma'aikata, Agege, Legas