Mu gina wa kayan gadonmu ɗakin baje koli a kwamfuta tun kafin damina ta riga mu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani aiki da na shafe shekaru ina fama da shi, wato gina ɗakin baje koli na kaina a cikin kwamfuta, irin wanda mutum zai shiga ta fuskar wayarsa ya zagaya daga kusurwa zuwa kusurwa, ya matsa kusa da bango, ya juya abin da aka ajiye ya ga gabansa da bayansa. Masu harkar suna kiran wannan fasaha 3D, ma'ana siffa mai tsawo da faɗi da zurfi, saɓanin hoto wanda yake shimfiɗe. Mutane da yawa suna ɗaukar abin wasan yara ne ko kuma shagalin masu kuɗi, ni kuwa asara ce ta kai ni gare shi.

A daminar 2020 aka yi mana ruwa na kwana uku ba ƙaƙƙautawa, a daren na ukun zauren kakanmu da ke cikin birnin Zariya ya zube. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni, amma fuskar zauren nan tana ɗauke da zanen da magina suka yi tun kafin a haifi mahaifina: dagi a saman ƙofa, takobi a kowane gefe, sannan a can ƙasa ta hannun dama akwai siffar keke, wanda aka ce kakan namu ya sa a zana shekarar da ya sayi nasa. Duk an shafe shi da makuba, kuma tun muna yara muke bin layukan zanen da yatsa. Da gari ya waye muka tarar da tsibin jar ƙasa da azara. Na bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya ina neman hotonsa, abin da na samu guda uku ne kacal, dukkansu na ranar suna ne, jama'a sun yi sahu a gaban zauren sun tare rabin zanen. Keken ma ko alamarsa babu a ciki. Da a ce wani daga cikinmu ya ɓata minti ashirin ya zagaya bangon nan da wayarsa, da yau muna da shi a tsaye cikin kwamfuta, har magini zai iya duba shi ya sake ɗora irinsa.

Ba mu kaɗai irin wannan ta taɓa samu ba. Ranar 2 ga Satumba, 2018, gobara ta cinye Gidan Tarihi na Ƙasa na Brazil da ke birnin Rio de Janeiro, inda aka tara kaya kimanin miliyan 20, kuma bayan wutar ta mutu sai da aka koma roƙon jama'a su turo duk hoton da suka taɓa ɗauka a ciki. Haka kuma a 2015, bayan an farfasa kayan tarihi a gidan tarihin Mosul na ƙasar Iraƙi, masu sa kai suka tattara hotunan da masu ziyara suka ɗauka a baya, suka yi amfani da manhaja suka sake fitar da siffar wasu daga cikin kayan. Idan manyan gidaje masu ma'aikata da masu gadi sun wayi gari suna neman taimakon hotunan 'yan kallo, ina ga adakar tsohuwa da ke ƙarƙashin gado a ɗakin da rufinsa ke yoyo?

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa da na fara shi ne, na lura cewa tsara kaya domin a gani ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya ya ga jere, ya ga yadda ake ɗora kwalla bisa kwalla, tasa bisa tasa, langa a nan, fanteka a can, faifai rataye a bango, ya san cewa iyayenmu mata sun daɗe da sanin inda ya dace kowane abu ya zauna don ido ya faɗa kansa. Ɗakin baje koli na kwamfuta jere ne, sai dai ba ya cin fili, gara ba ta cinsa, kuma wanda ke Kumasi ko Yamai ko Jidda yana iya leƙowa ba tare da ya biya kuɗin mota ba.

Aikin kansa kashi biyu ne. Na farko shi ne mayar da abu na zahiri ya zama siffa a kwamfuta. Za ka ajiye abin a kan tabarma ko teburi a cikin inuwa, domin rana tsaka tana jefa baƙin duhu a gefe guda wanda ke rikita manhajar, sannan ka zagaya shi a hankali kana ɗaukar hoto, taku ɗaya hoto ɗaya, kowane hoto ya haɗa da fiye da rabin abin da na bayansa ya ɗauka. Ka yi zagaye ɗaya daga ƙasa, ɗaya daidai tsakiya, ɗaya daga sama. Ni nakan ɗauki tsakanin sittin zuwa ɗari a kan abu ɗaya. Manhajar tana neman ɗigo-ɗigon da suka maimaitu a hotuna daban-daban, tana lissafa inda kyamara ta tsaya a kowane ɗauka, daga nan ta gano nisan kowane ɗigo, ta saƙa su wuri ɗaya, ta lulluɓe su da launin da ke cikin hotunan. Akwai Meshroom wadda kyauta ce amma tana son kwamfuta mai ƙarfi, akwai kuma irin su Polycam da RealityScan da ke aiki a waya. Na koyi da wahala cewa abu mai ƙyalli ba ya fita da kyau, domin hasken da ke jikinsa yana bin mai ɗauka duk inda ya juya. Tasoshin mahaifiyata sun fito a lanƙwashe kamar an taka su, amma akushi da turmi da faifai da ƙwarya mai zane sun fito tsaf, har tsagar da aka ɗinke a bakin ƙwaryar ana ganinta.

Kashi na biyu shi ne gina ɗakin. Wanda ke son sauƙi zai iya shiga dandali irin Artsteps, inda ake ja bango da linzamin kwamfuta, a buɗe ƙofa, a zaɓi launi, a rataya hotuna, a ajiye siffofi, a rubuta bayani a ƙarƙashin kowanne. Wanda kuma ke da haƙuri sai ya koyi Blender, manhajar da wani mutumin ƙasar Holan mai suna Ton Roosendaal ya ƙirƙira, wadda ta zama ta kowa da kowa kyauta tun 2002. Da ita na gina nawa, domin ɗakunan da ake bayarwa a shirye duk fararen bangaye ne masu kusurwa huɗu irin na Turai, ni kuwa zaure nake so mai daurin guga, mai ƙofa ƙarama da alkuki a bango. Wata huɗu na yi kafin bakan rufin ya tsaya yadda idona ya san shi, ina yi wuta tana ɗaukewa, ina ajiyewa ina jiran ta dawo.

A tsakiyar zauren na rataya babbar rigar mahaifina, aska takwas, saƙi ce da aka yi wa aiki da tsamiya. Idan mai kallo ya matsa kusa zai ga tambarin da ke ƙirji, zai ga inda zaren ya soma sakewa a bakin aljihu saboda yawan sa hannu, zai kuma ga ɗan jan tabo na goro wanda wanki bai taɓa fitarwa ba. A alkuki na sa gafakarsa, a jikin bango kuma allon zayyanar da aka yi masa ranar saukarsa. Ɓangaren hagu na bar wa mata, da ƙore da ludaya da faya-fayai.

Da na gama sai na kai wa goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta haura tamanin. Na riƙe mata wayar ina zagayawa da ita, ta yi shiru har muka iso kan wata ƙwarya da na rubuta a ƙarƙashinta cewa ta mahaifiyata ce. Nan ta ɗaga hannu ta ce in tsaya. Ta ce: “Kai ɗan nan, wa ya gaya maka? Wannan ai ta Inna ce, da ita aka kawo ta daga Maraɗi, a cikinta aka dama furar da aka tarbe ta da ita.” Daga nan ta shiga ba ni labarin auren kakata, da sunan matar da ta yi ɗinkin tsagar, da dalilin da ya sa ba a taɓa ba da aron ƙwaryar ba. Na nemi izininta na naɗi muryarta, yanzu duk wanda ya taɓa ƙwaryar a cikin ɗakin muryar Goggo zai ji tana bayani da bakinta. Ranar na gane cewa siffar da na sha wahalar fitarwa ita ce ƙaramin rabo na aikin, kuma da na jinkirta shekara biyu ko uku da wataƙila kuskurena ne zai zama tarihi a gidanmu.

A nan ne maganata take, ya Edita. Kayanmu da yawa suna gidajen tarihi na Ingila da Faransa da Jamus da Amurka, kuma sau da yawa abin da ke rubuce a ƙarƙashinsu bai wuce sunan ƙabila da yanki da kimanin zamani ba. Babu sunan maɗinki, babu sunan mai riga, babu ranar da aka sa ta. Mutanen Benin ta jihar Edo sun ga wannan giɓi, shi ya sa a kundin Digital Benin da aka buɗe a Nuwamban 2022, wanda ya tattara bayanan kaya 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, aka ware sashe na sunayen kayan da harshen Edo tare da bayanan da aka naɗa daga bakin mutanen ƙasar. Mu kuwa dama tana hannunmu tun yanzu, domin kayan suna ɗakunanmu, masu sanin labarinsu kuma wasunsu suna raye. Duk wanda zai gina irin wannan ɗaki ya rubuta bayaninsa da Hausa, ya kira aska biyu aska biyu, ya kira malum-malum da sunanta, ya bambanta masaki da ƙoƙo, in ya so ya ƙara fassara daga baya don baƙi.

Sai dai akwai abin da nake jin tsoro, kuma wajibi ne in faɗa. Dandalin intanet gidan haya ne, mai gida yana iya tashin ka duk ranar da ya ga dama. Google ya rufe Poly, ma'ajiyarsa ta siffofin 3D, a tsakiyar 2021. Microsoft ya rufe AltspaceVR a Maris na 2023, Mozilla kuma ta dakatar da Hubs a ƙarshen Mayun 2024, alhali mutane da yawa sun gina ɗakuna a cikinsu. Saboda haka kada kowa ya bar aikinsa a dandali kaɗai. A adana ainihin hotunan da aka ɗauka, domin da su za a iya sake fitar da siffar ko da manhajar yau ta ɓace, a kuma adana siffofin a tsarin fayil da manhajoji da yawa ke iya buɗewa, kamar glTF ko OBJ. Ni ina da kwafi uku: ɗaya a kwamfutata, ɗaya a faifan ajiya cikin akwatin takarduna, ɗaya a wurin ƙanena a Kaduna.

Haka nan ba kowane abu ne na bajewa ba. Akwai hotunan iyalin gida da masu su ba za su so baƙo ya gani ba, akwai rubuce-rubucen da magabata suka bari amana, kuma kayan gado na magada ne gaba ɗaya, bai kamata mutum ɗaya ya fitar da su duniya ba tare da shawara ba. Ga kuma ɓarayin kayan tarihi, waɗanda suka daɗe suna wawure kayan Nok, wato tsofaffin siffofin yumɓu da ake tonowa a ƙasa, suna fitarwa waje. Wanda ya nuna tsohon takobi ko sirdi ko littafin hannu kada ya faɗi unguwa da gidan da abin yake. Nawa ɗakin ma dangi kaɗai na ba adireshinsa.

Na san akwai masu cewa fuskar waya ba za ta taɓa maye gurbin abin da hannu ya taɓa ba, kuma gaskiya suka faɗa. Kwamfuta ba ta kawo nauyin rigar nan a kafaɗa, ba ta kawo ƙamshin turaren da ya kama ta. Wanda ya ɗauki siffar bango ya bar bangon ba yaɓe ya yi aikin banza. Amma ɗan ƙanwata da aka haifa a Legas, wanda bai taɓa ganin kakansa ba, ya shiga ɗakin ya daɗe a gaban allon zayyana, washegari ya bugo mini waya yana tambayar me ake nufi da sauka, kuma hutun da ya biyo baya ya zo Zariya ya riƙe allon da hannunsa.

Ina kira ga sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsa na sauran manyan makarantunmu, da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da su riƙa shirya ɗan gajeren horo ga matasa a lokacin hutu, domin waya da inuwar bishiya sun isa a fara. Ku kuma 'yan jarida, ina roƙon ku ware shafi ko da sau ɗaya a wata ku bayyana wannan aiki da Hausa mataki-mataki, tunda kusan duk darussan da ke intanet da Turanci suke. A layinmu akwai sauran zaure ɗaya mai zane da bai faɗi ba, bangonsa na gabas ya riga ya tsage, mai gidan kuma ya amince in zo ranar Asabar da sassafe in zagaya shi kafin rana ta ɗaga.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Malamin zane mai ritaya,
Birnin Zariya.