A ƙara kwaɗo na biyu, amma a tuna da ɗan ƙauye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini.

Ni mai shagon intanet ne a Marwa. Tun bayan da aka kafa jami'ar garin nan a 2008 ɗalibai ne rabin cinikina: rajista, duba sakamako, buga takardar biyan kuɗin makaranta, jaka hamsin ɗin nan ta sefa. Bari in tona wa kaina asiri. A aljihun teburina akwai wani tsohon littafi cike da kalmomin sirrin yara. Su da kansu suke cewa, “Baba, rubuta mini, mantawa nake.” Rabinsu ranar haihuwarsu ce kawai. Bara wata yarinya ta zauna nan tana kuka, saurayin da suka ɓata ya shiga akwatin saƙonta ya canja kalmar, ga shi duk takardun makarantarta can suke zuwa.

Shi ya sa da na ji jami'o'in Turai da Amurka suna ta tilasta tabbaci mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai ka sa wata lamba da waya za ta ba ka, na ce madalla, Allah ya kawo mana. Ranar da ya zo, littafina ya zama na kunna gawayi.

Sai dai ina jin tsoron a kwaso shi yadda yake can a dire mana. In aka ce saƙon tes ne kaɗai hanya, an kashe wasu. Yaron da ya tafi hutu ƙauyensu bayan Mokolo, sai ya hau dutse yake samun rezo, wato sabis na waya, kafin saƙon ya iso lambar ta mutu. Na Kusiri kuwa, wani lokaci wayarsa layin Chadi take kamowa daga ƙetaren kogi. Ga 'yan ɗaki ɗaya da ke karo-karon waya guda. Ga wanda aka yi wa rajistar layi da katin ɗan ƙasa na kawunsa. Ran da aka sace wayar a kasuwa, sai an nemo kawu kafin a dawo da layin, kawu kuma yana Garwa ko ya bi shanu.

Akwai mafita, ba ta da tsada. Manhaja irin Google Authenticator tana fitar da lamba shida duk daƙiƙa 30, babu ruwanta da rezo. Mai ƙaramar waya kuma a buga masa lambobin ko-ta-kwana a takarda, kowace a yi aiki da ita sau ɗaya, ya adana cikin jakar takardunsa. Sannan a ajiye mutum, mai rai ba na'ura ba, wanda ɗalibi zai je wa da katinsa a buɗe masa a ranar.

Kuma don Allah a fara da malamai da masu shigar da maki, ba a makon rajista ba, lokacin da layi a shagona yake kaiwa bakin titi.

Naka,
Wani mai shagon intanet,
Marwa, Kamaru